Kwana Talatin da Huɗu Ban Kira Shi Ba

A kan matakala maƙwabciyata Matar Direba ta tare ni, ina hawa da ledar burodi, ita tana saukowa da bokitin shara. Da na ga ta ajiye bokitin na san maganar ba gajera ba ce.

"Malama, ashe abin da ya faru ke nan? Sai haƙuri."

"Wa ya rasu?"

"A'a, ba rasuwa ba ce. Mutuminki dai, Mai Tabarau." Ta rage murya, alhali ba kowa a wurin sai mu biyu da kyanwar maƙwabta. "An ce kullum yana gidan tsohuwar Nas ɗin nan ta layin baya. Da sabuwar riga fa. Har da turare."

"Wa ya ce?"

"Kowa ma ya ce."

"A cikin kowan nan, wa ya gani da idonsa?"

Ta ɗauki bokitinta. "Ke dai Malama ba a yi miki abin arziki. Mutum ya zo taya ki jaje, ki ba shi jarrabawa."

Na ƙarasa hawa, na buɗe ƙofa, na ajiye burodin a kan firji inda ba wurin ajiyarsa ba ne, na zauna da mayafina a jiki. Ranar nan kwanansa tara bai kira ni ba. Ko in ce, kwananmu tara ba wanda ya kira wani.

Masu karatu, bari in faɗa muku tun yanzu don kada wani ya yi min hoton 'yar budurwa a ransa. Shekarata sittin da takwas. Gwiwata ta hagu tana riga rediyo sanar da ni za a yi ruwa. Mijina ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, 'ya'yana biyu kowa na gidansa, ni kuma ina hawa na biyu a wani bene mai gidaje goma sha biyu, a falo mai kujeru shida waɗanda ɗaya ce kawai ta lotsa. Shekara talatin da ɗaya na yi a kwaleji ina koyar da ilmin tattalin arziki, ɓangaren da ke nazarin yadda mutane ke yanke shawara idan abin da zai same su ya dogara da abin da wani zai yi. Ɗalibai suna ce masa darasin wayo.

Nakan ba ɗalibi biyu kati biyu-biyu, fari da ja, su zauna baya da baya. Idan duk suka ɗaga fari, kowa maki uku. Idan ɗaya ya ɗaga ja ɗayan ya ɗaga fari, mai ja ya kwashe biyar, mai fari bai sami komai ba. Idan duk suka ɗaga ja, kowa ɗaya tak. A yi ta yi, zagaye bayan zagaye. Masu wayo su yi ta ɗaga ja, masu tsarkin zuciya su yi ta ɗaga fari ana kwasarsu. Amma kusan kowace shekara, wanda ke fitowa da maki mai kyau shi ne mai bin wata hanya mai sauƙi: ka fara da fari, daga nan sai ka mayar wa mutum abin da ya yi maka a zagayen da ya wuce. Ya yi fari, ka yi fari. Ya yi ja, ka yi ja.

Wannan labarin na ba Mai Tabarau ranar da ya gyara min gilashina karo na uku, lokacin da ni da shi mun riga mun san gilashin ƙalau yake. Shi ma matarsa ta rasu. Dogo ne, siriri, yana da ɗabi'ar goge duk abin da ya shiga hannunsa, ko da cokali ne. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, abin da ɗa ko ɗalibi bai taɓa yi min ba.

Ya ce, "Wato Malama, in kira yau, ki kira gobe."

Na ce, "Ka fi ɗalibaina saurin ganewa."

"Ai ni ba maki nake nema ba."

Haka muka yi wata takwas. Ƙarfe biyar na yamma, yau shi, gobe ni. Ba mu taɓa tsallake rana ba. Yakan ba ni labarin wanda ya zauna a kan tabaransa ya zo yana rantsuwa da kansa ya karye, ni in ba shi labarin abin da na karanta. Minti ashirin, wani lokaci arba'in. Tun ƙarfe uku nake fara tara abin da zan faɗa masa.

To, ranar Asabar ni na kira. Lahadi ranarsa ce. Ƙarfe huɗu sai na ji ƙwanƙwasa, na buɗe, ga shi tsaye cikin riga ruwan sararin sama mai karin guga har yanzu, da takalmin da ya sha mai. Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran likita. Ya ƙi taɓa shayin da na kawo masa. Ya ce, "Malama, na gaji da waya. Ina so in riƙa ganin fuskarki idan kina yi min gyara. Ki aure ni."

Zuciyata ta buga har na ji a kunne. Amma bakina, wanda ya shekara talatin yana hana yara gaggawar amsa, ya ce, "Ka ba ni lokaci in yi tunani."

Ya ce, "Lokaci naki ne." Ya goge hannun kofin da hankicinsa, ya ajiye, ya tafi.

Ƙarfe biyar ta yi. Na ɗora wayar a cinya. Biyar da rabi. Shida. Ba ta yi ƙara ba. Na ce a raina, to fa, ranarsa ce bai kira ba, ya ɗaga ja ke nan. Litinin na mayar masa, ban kira ba. Talata na jira ya dawo da fari. Shiru.

Daren da Matar Direba ta kawo min labarin bai kai ba, tun da yamma na sanar da 'ya'yana a zauren wayar da suka sa wa suna Gidan Mama. Babban, Injiniya, wanda tun farko ba ya son zancen, shi ya fara amsawa.

"Ai na faɗa. Namiji ne fa, Mama. Allah ya raba ki da wahala."

Auta ta biyo baya da saƙo huɗu a jere, yadda ta saba.

"Mama don Allah kar ki kira shi."

"Mace ba ta fara kira."

"Ki ja ajinki, zai dawo da kansa."

"Kin sha maganinki?"

Na rubuta: "Wa ya gwada ya tabbatar cewa mace ba ta fara kira?"

Auta ta turo fuska mai dariya da hawaye. Injiniya ya rubuta: "Tsakani da Allah Mama, me kika rasa? Gida, lafiya, jikoki. Me kika rasa?"

Na daɗe ina duban tambayar. Agogon bango yana ta aikinsa, firji ya yi gurnani ya yi shiru. Can sai Auta ta ce, "Yaya ai ya leƙo ki satin nan ko?" Shi kuma ya ce, "Na ɗauka ke kika ce za ki shiga ranar Laraba." Wannan ma na koyar da shi, mako na shida: idan aiki na mutum biyu ne kuma ɗaya ya isa ya yi shi, kowa sai ya jira ɗan'uwansa. Da ɗa ɗaya na haifa, da na fi samun baƙi.

Shawarar Auta ba ta shige ni ba, don ban yarda da maganar da ba ta da hujja sai tsufa. Amma kiran ma ban yi ba. Na ce ba zan kira mutum a kan jita-jita ba sai na auna jita-jitar. Na yage bayan kalanda, na ɗauki biro, na fara bin maganar baki-baki zuwa inda ta fito.

Matar Direba ta ce a wurin Mai Kitso ta ji. Na je na miƙa furfurata, ta tsefe ta da ƙarfi kamar tana fushi da ita.

"Ni Mama ban gani ba, gaskiya. Amma tunda mutum uku suka faɗa min, ai akwai ƙamshin gaskiya."

"Su wa da wa?"

Ta lissafa: matar mai gidan burodi, Mai Wanki, da ƙanwar Matar Direba. Na rubuta. Kwana biyu na hutar da gwiwa, sannan na je gidan burodi. Matar ta ce Mai Wanki ne ya gaya mata. Ƙanwar Matar Direba ta ce a wurin yayarta ta ji, yayar da ta ce min a wurin Mai Kitso ta ji. Na ja layi a takarda, layin ya zagayo ya ciji wutsiyarsa. Na yi dariya ni kaɗai a falo, dariyar ta yi min ƙara da yawa, na daina.

Mai Wanki ya sha min wuya. Sau uku ina zuwa yana cewa in dawo. Da na ritsa shi a bayan teburin guga, tururi na tashi tsakaninmu, ya ce, "Hajiya, ni rigar kawai na sani. Ni na goge ta. Ruwan sararin sama. Na ce wa maigadin layin baya, wannan dattijo da alama zance zai je. Shi ne maigadi ya ce ai ya gan shi ya shiga gidan Nas. To sai na haɗa."

"Yaushe ka goge rigar?"

Ya duba sama. "Wata Asabar. Ya ce lallai Lahadi yake son ta."

Rigar da ya sa ya zo falona ke nan. Na dafa teburin, ban san da zafi ba sai da na ɗauke hannu.

Maigadi dattijo ne mai ƙaramar rediyo a aljihun gaba, ba ya ƙara gishiri a magana don ba ya son doguwar hira. "Sau ɗaya na gan shi. Da ɗan akwatin tabarau a hannu. Ya hau, ya sauko. Ko labaran rana ba a gama ba."

"Sau ɗaya?"

"Ɗaya. In kin ga na ce biyu, to na yi ƙarya."

Ranar nan kwana ashirin da ɗaya ke nan. Na dawo gida na shimfiɗa takardata a kan tebur: baki shida, ido ɗaya, shiga ɗaya, riga kuma tawa ce. Na ja layi biyu a ƙasa yadda nake yi wa amsar da ta fita daidai. Na dafa shayi da madara, na sa kofi mai bakin zinare wanda ba na fitowa da shi sai ga baƙi. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba, daɗin mutumin da ya fi unguwa guda gaskiya.

Za ku ce to sai ta ɗauki waya. Ni ma haka na zata.

Ƙarfe biyar ta yi, na buɗe sunansa, yatsana na kai. Sai wata murya a raina ta ce, tunda babu wata mace, me ya hana shi kira? Da akwai Nas ma da sauƙi, aƙalla akwai dalili. Kuma kin yi kwana ashirin da ɗaya kina shiru, in kika kira yanzu duk sun tafi a banza. Jama'a, wannan ciwon na san sunansa, na sa shi a jarrabawa ba sau ɗaya ba: mutum ya ci gaba da zama a tasha don ya riga ya daɗe yana jira, alhali jiran da ya wuce ba ya dawowa ko motar ta zo ko ba ta zo ba. Na kayar da ɗalibai a kan wannan tambayar. Na kife wayar a kan kujera.

Kwanakin da suka biyo ba su da labari. Na wanke labule. Na jera littattafai daga dogo zuwa gajere, na sake mayar da su yadda suke. Ƙarfe uku ta yi sai in kama kaina ina tara labari: an canza direban motar layinmu, kyanwar maƙwabta ta haihu a ƙarƙashin matakala, na karanta wani abu a kan ƙudan zuma. Ƙarfe biyar ta wuce, labaran su zauna min a ƙirji kamar abincin da bai narke ba. Wata rana na lura tun safe ban furta kalma ko ɗaya ba, sai na ce wa butar shayi, "To, tafasa mana," don in ji ko muryar na nan.

A rana ta talatin da huɗu, da hantsi, na ɗauki wuƙar yanka albasa, na sa tsininta na kwance ɗan notin da ke riƙe da hannun tabarauna na dama. Na nannaɗe notin a takarda na jefa a kwandon shara. Na sa doguwar rigata ruwan ƙasa mai ɗinkin zare a wuya, na cire, na sa koriya. Na shafa hoda, na goge, na sake shafawa kaɗan. Na ɗaura agogon hannu da ya tsaya tun bara, don yana yi wa hannun kyau.

Shagon Mai Tabarau na nan yadda na san shi: allon haruffa a bango, manya a sama ƙanana a ƙasa, jerin firam ɗin tabarau a cikin akwatin gilashi, madubi zagayayye, fitila mai lanƙwasasshen wuya a kan tebur. Yana sunkuye a ƙarƙashinta. Ya rame kaɗan. A gefen tire ɗin kayan aikinsa akwai wani filas mai zanen furanni, da kofi biyu a kife. Shi da na sani ba ya shan komai a shago don kada ya zube a kan gilashi.

Ya ɗago. Ya miƙe tsaye har kujerar ta bugi bango.

"Malama."

"Malam. Ya aiki? Tabarau ne ya lalace."

Ya karɓa da hannu biyu, ya kai ƙarƙashin fitila, ya juya shi. Ya daɗe yana dubawa.

"Noti ya faɗi," na ce.

"Notin da ya faɗi da kansa ba ya barin ƙarzane a gefe." Bai ɗago ba. "Wuƙa ce ko almakashi?"

"Wuƙa."

"Da kin zo hannu sake ma, da an ba ki kujera."

Na zauna. Ya jawo wani ɗan aljihun tebur cike da ƙananan notuna, ya zaɓi ɗaya da hantsaki. Ba tabarau a idona, fuskarsa ta zama hazo-hazo, hakan ya ba ni ƙarfin hali.

"Me ya sa ba ka kira ba?"

"Ni?" Hantsakin ya tsaya a iska. "Ranarki ce."

"Ranarka ce. Ni na kira Asabar. Lahadi taka ce, ƙarfe biyar ta yi ba ka kira ba."

"Lahadi na zo da ƙafata, Malama. Na hau matakala talatin da biyu da wannan bayan nawa. Na zauna a falonki na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba tun rasuwar mai ɗakina. Wannan bai kai kira ba?"

"Zuwa daban, kira daban."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗi. "To ni a nawa lissafin, na yi nawa har da ƙari. Litinin taki ce. Kuma amsa tana hannunki. Na zauna a nan, wayar tana kan wannan tire, har na rufe shago. Na ce ta ɗaga ja. Talata na mayar miki, yadda kika koya min."

"Laraba ni ma na mayar."

"Alhamis ni ma."

Mota ta wuce a waje, gilasan cikin akwati suka yi 'yar rawa.

Na ce, "Akwai sauran darasin. Mako na tara. Hanyar nan tana da rami ɗaya: idan aka yi kuskure sau ɗaya, ko aka fahimci fari a matsayin ja, mutum biyu masu bin ta za su yi ta rama wa juna har abada, kowa yana ganin shi aka fara yi wa. Dole wani ya riƙa yafewa jefi-jefi, ya ɗaga fari ko da ja aka nuna masa."

"Ba ki gaya min wannan ba."

"Ba mu kai nan ba."

"Amma ke kin kai."

Ya ɗaure notin, ya ninke hannuwan tabarau ya buɗe, ya huro masa numfashi, ya goge da ƙyalle, gilashin dama, gilashin hagu, a hankali, fiye da yadda ake bukata. Ya miƙo min. Na sa. Komai ya fito tar: furfurar gemunsa, haruffan ƙasan allo, furannin jikin filas.

"Na zo da amsata," na ce. "Amma kafin nan, akwai maganar da ake yi a unguwa. Na bi ta gida-gida, kwana goma sha biyu. Na tabbatar ƙarya ce. Sau ɗaya ka je gidan Nas, tabarau ka kai mata. Ina so in ji daga bakinka kawai."

Ya zauna. Ya ɗauki ƙyallen ya ninke shi huɗu, ya ajiye a kan tire.

"Ranar da kika ji, ƙarya ce. Tabarau na kai mata, ko zama ban yi ba. Ranar da kika gama bincikenki ma ƙarya ce. Ita ma maganar ta kai kunnenta, sai ta zo nan ranta a ɓace, wai in fita in wanke ta. Muka zauna muna neman wanda ya fara. Washegari ta dawo da shayi, mu ƙarasa neman. Na jira ki kwana ashirin da shida, Malama. A na ashirin da bakwai na je gidanta, ba tabarau a hannuna. Na tambaye ta abin da na tambaye ki. Shekaranjiya ta amsa, kuma na gaya wa 'ya'yana."